Tuwo Na Iska Ne, Miya Ta Zuma Ce: Ina Alƙalumanmu Suke?

Ina godiya ga shugabannin wannan zaure da suka ba ni filin wannan mako. Na san abin da muka saba tattaunawa a nan shi ne jigo da salo da ƙa'idojin rubutu. Yau kuwa da ƙorafi na zo, kuma a kanmu ƙorafin yake. Wanda maganar ta sosa wa rai ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, sannan ya ɗauki alƙalamin martani.

Ga ƙorafin a taƙaice. Duniya ta daɗe da gane cewa ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke yi wa furanni barbara suna raguwa. A ƙasashe da dama masana da manoma da mutanen gari sun haɗa kai suna ƙirga su, suna rubuta abin da suka gani shekara bayan shekara. A nan yankinmu, daga Dogon Daji zuwa Tambuwal, Jabo da Sanyinna, ka gangara Kebbe da Kuchi, waɗanda suka san zuma da dajinta Hausa suke ji. Waɗanda suka iya zuba Hausa a takarda kuwa mu ne. Mu kuma mun yi gum. Duk wani binciken haɗin gwiwa da za a yi a ƙasar nan ba tare da alƙalamin Hausa ba, gurgu ne, kuma rabin laifin gurguntarsa a wuyanmu yake.

Bari in fara da bayanin barbarar, don kada a ɗauka maganar 'yan boko ce kawai. Kafin shuka ta yi 'ya'ya, sai garin nan da ke cikin fure, wanda manomi ke kira bununi idan na gero ne, ya tashi daga ɓangaren namiji ya sauka a ɓangaren mace. Gero da dawa da masara ba su da matsala, iska tana ɗaukar musu wannan aiki. Shinkafa ma furenta kan wadatar da kansa. To ka ga tuwonmu yana hannun iska.

Yanzu leƙa tukunyar miya. Kabewar da ake taushe da ita, furen namiji daban na mace daban a jikin yaɗo ɗaya, kuma garinta nauyi gare shi da danƙo, iska ba ta iya ɗaga shi. Dole sai ƙwaro ya shiga wannan ya fito ya shiga wancan. Kankana ma haka take, furenta safiya ɗaya yake buɗewa, idan zuma ba ta ziyarce shi sosai ba, ko dai ya zube ko ya haifi kankana mai ƙusumbi wadda dillali zai taya da wulaƙanci. Daddawa daga kalwa take, kalwa daga ɗorawa, ɗorawa kuwa jemage ne ke bin tutunta da dare, zuma ta biyo baya da asuba. Kuka da ganyenta muke miya, amma kukar gobe daga ƙwallon yau take tsirowa, kuma fararen furanninta jemage suke jira. Man kaɗe da iyayenmu mata ke sana'a da shi yana buƙatar zuma ta bi hudar kaɗanya a cikin rani. Albasar da ta ɗaga sunan maƙwabtanmu na Aliero, ba a samun irinta sai ƙwari sun bi kan furenta. Hatta ƙwaryar da muke dama fura, dumanta da yamma yake buɗe fure saboda ƙwarin dare. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. To miyar ce ake magana a kanta.

Ba ni na ƙirƙiri wannan damuwa ba. A watan Fabrairun 2016, a birnin Kuala Lumpur na Malesiya, kwamitin masana na duniya da ake kira IPBES ya fitar da rahotonsa kan masu barbara. Rahoton ya ce kimanin kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona da ake ci a duniya suna dogara da barbarar ƙwari ko tsuntsaye ko jemagu, ko da kaɗan ne. Tsirran daji masu fure kuwa kusan kashi 90 cikin 100. Ya ƙiyasta darajar amfanin da wannan aiki ke samarwa tsakanin dala biliyan 235 zuwa 577 a shekara. Ya kuma tunatar da cewa dangin zuma a duniya sun haura nau'i 20,000, ba wadda muke sha wa saƙa kaɗai ba.

Kusa da mu, a Burkina Faso, masana daga jami'o'in Jamus da na ƙasar sun yi aiki a gonakin manoma, suka wallafa sakamakon a 2017. Dabarar mai sauƙi ce: su rufe wasu furanni yadda ƙwaro ba zai kai gare su ba, su bar wasu a buɗe, su jira kaka. Inda aka hana ƙwari shiga, auduga ta yi giɓin kashi 37 cikin 100, riɗi kuwa kashi 59. Manomin riɗi da ke karanta wannan ya yi lissafi da buhunansa. A kudancin ƙasar kuma, wani binciken da aka wallafa a 2020 ya gano cewa kaɗanyar da ke tsaye cikin itatuwa da ƙirare iri-iri ta fi samun ziyarar zuma, ta fi kuma yin 'ya'ya, a kan wadda aka share kewayenta aka bar ta ita kaɗai. Ma'ana, wanda ya sare sabara da geza da sauran ƙananan itatuwa ya bar kaɗanya don yana son kaɗe, da hannunsa ya rage wa matarsa kwandon da take tsinta.

Labarin da ya fi dacewa da mu marubuta shi ne na garin Krefeld a Jamus. Wata ƙungiya ce ta masu sha'awar ƙwari, da yawansu ba aikin jami'a suke yi ba, suna da sana'o'insu. Tun 1989 suka riƙa kafa tarkon ƙwari iri ɗaya, a wurare 63 da gwamnati ta keɓe don kare halittu, suna auna nauyin abin da ya shiga, suna rubuta rana da wuri. Haka suka yi ta yi har 2016. Da masana daga jami'o'in Holan da Ingila suka haɗu da su aka tattara lissafin, sai aka ga ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekara 27. An wallafa wannan a watan Oktoban 2017, duniya ta girgiza. Ku lura da abin da ya girgiza ta: tarko, ma'auni, littafin ajiye bayani, da mutanen da ba su gaji ba.

Mu me muke da shi? Je ka zauna da tsohon da ya shekara arba'in yana rataya amya. Zai gaya maka da can amya ba ta daɗewa a bishiya zuma ta shige ta, yanzu sai ta shekara fanko. Zai gaya maka wace huda ce ke ba da zuma fara, wace ce ke ba da baƙa, wane wata zuma ke ƙaura, da yadda ake bambance ta da galla wadda ba ta harbi. Wannan ilimi ne na gaske. Amma "da can" ba lamba ba ce, ba kuma kwanan wata ba. Ba za ka kai "da can" gaban majalisar jiha ka ce a yi doka ba. Ranar da tsohon nan ya koma ga Mahaliccinsa, ɗakin karatun ya rufe ke nan, ɗansa kuma yana Legas yana acaɓa. Sunan garinmu kansa shaida ne a kanmu. Dogon Daji. Idan yaro ya tambaye ka wane irin daji ne, waɗanne itatuwa, waɗanne ƙwari, wane littafin Hausa za ka miƙa masa?

A nan ne nake tuhumar mu. Babu kalmar da muka tatsa a littattafanmu kamar zuma. Muryar budurwa zuma, kalaman saurayi zuma, daren farko zuma. Mun shanye kalmar mun manta da ƙwaron. Jaruminmu yana da kamfani a Abuja, yana hutu a Dubai, jarumarmu tana saukowa daga bene da ƙamshin turare. Marubucin kuwa yana zaune a kan tabarma a Tambuwal, kuɗin datar da yake turo labarin daga buhun riɗin babansa ya fito. Ban ce a daina rubuta soyayya ba, ni ma ina karantawa. Tambayata ita ce, a cikin dubban shafukan da muke zubawa kowane wata, ina mai amya? Ina matar da ke fita da asuba tsintar kaɗe ta dawo da rabin kwando? Ina yaron da ke goye da tankin feshi babu takunkumi, babu safar hannu? Ashe su ba mutane ba ne, ko rayuwarsu ba ta kai labari ba?

Akwai ma laifin da ya fi wannan kusanci da sana'armu, wato laifin kalma. Gubar da ake fesawa a gona, me muke kiranta? Magani. Maganin ƙwari, maganin ciyawa, maganin feshi. Wa ke tsoron magani? Wanda ya ji ana cewa magani, gani yake in an ƙara murfi ɗaya a kan ƙa'ida ƙarin lafiya ne. Sannan kalmar ƙwari ta haɗe kowa a buhu ɗaya: tsutsar da ke cin wake, da zumar da ke yi wa kabewa aiki, da zanzaro da rina masu farautar tsutsar, da malam-buɗe-littafi. Harshen da bai raba abokin manomi da maƙiyinsa ba, feshi ma ba zai raba su ba. Gyaran wannan ba aikin likitan tsirrai ba ne. Aikin masu sarrafa harshe ne, mu ke nan. A 2018 Tarayyar Turai ta haramta amfani da wasu gubobin ƙwari guda uku a fili saboda illarsu ga zuma. A kasuwanninmu na ƙauye kuwa, bayanin da ke jikin kwalba da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, mai sayarwa shi ne malamin gona, shi ne kuma mai cin riba idan an ƙara saye.

Kada a fahimce ni a karkace, ba manomi nake zargi ba. Duk wanda ya taɓa noman wake ya san idan bai yi feshi ba tsutsa ce za ta girbe masa. Amma akwai bambanci tsakanin feshin hantsi, lokacin da fure yake buɗe zuma na kansa, da feshin yamma lis bayan ta koma gida. Akwai bambanci tsakanin cire zuma da hayaƙi a bar mata rabonta, da cinna wa kogon wuta a ƙone uwar da 'ya'yanta saboda kwalba biyu. Akwai bambanci tsakanin sassabe da ƙunar daji. Waɗannan bayanai ba su da tsada. Abin da suka rasa shi ne wanda zai faɗe su da Hausa mai shiga kunne.

Na san martanin da zai zo, bari in tare shi tun kafin ya iso.

Wani zai ce, ana ga yaƙi kana ga ƙura. Mutane na mutuwa a hannun 'yan bindiga, wasu dazuzzukan ma ba sa shiguwa, kai kana zancen ƙuda. Na ji, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan masifa. Sai dai ku duba yadda abin yake tafiya. Wanda aka kora daga gonarsa ta nesa, kusa da gari yake dawowa ya matsa wa 'yar ƙasar da ta rage. Wanda ya rasa komai, gatari yake ɗauka ya shiga sayar da itace da gawayi, don shi ne jarin da ba ya buƙatar kuɗi. Rashin tsaro da mutuwar daji igiya ɗaya ce ta ɗaure su. In Allah ya yarda bindiga za ta yi shiru wata rana. Ɗorawar da aka sare kuwa, wanda ya dasa madadinta sai ya yi shekaru yana jira kafin ya ga kalwar farko.

Wani zai ce, mu ba masana kimiyya ba ne. Ni ma difloma gare ni daga kwalejin kimiyya da fasaha, ban taɓa riƙe madubin ƙara girman ƙwaro ba. Amma na iya ƙirga daga ɗaya zuwa hamsin, na iya rubuta kwanan wata. A Birtaniya, tun 2017 akwai shirin da ke karɓar ƙidayar mutanen gari: mutum ya zaɓi ɗan fili mai furanni, tsawo da faɗi rabin mita, ya zauna minti 10 ya ƙirga ƙwarin da suka sauka, ya tura. Masana ne ke tace bayanan, amma idanun na talakawa ne. Kuma littafin da ya tayar da Amurka daga barci kan gubar DDT, wato Silent Spring na Rachel Carson a 1962, marubuciyarsa masaniyar halittu ce, gaskiya ne, amma abin da ta san ɗin wasu masana ma sun sani. Abin da ta fi su shi ne ta iya rubutu yadda uwar gida za ta karanta ta fahimta. Shekara 10 bayan haka, a 1972, Amurka ta hana amfani da gubar a gonaki.

Wani zai ce, ba wanda zai karanta, ba ya sayuwa. Wa ya ce maƙala mai bushewa za ka rubuta? Sa jarumin ya zama ɗan mai amya da ke neman kuɗin sadaki daga zumar bana, maƙwabcinsa kuma, uban yarinyar, ya fesa wa kankanarsa guba da hantsi. Ga soyayya, ga rikici, ga asara, ga gaskiyar da mai sauraro a ƙauye zai ce wallahi haka aka yi wa wane. Labaranmu yanzu ana karanta su a YouTube, ana tura su ta WhatsApp, suna isa kunnen wanda bai taɓa shiga aji ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta jira matan karkara su iya Larabci ba. Ta tsara ilimi cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, ta ba jajis ɗinta suka kai shi ƙauyuka. A ƙasar da aka yi 'Yan Taru, kunya ce marubuci ya ce bai san yadda ake kai ilimi ƙauye ba.

Wani kuma zai ce, Allah ke ciyarwa. Haƙiƙa Shi ne. Shi ne kuma ya sanya sura guda a Alƙur'ani da sunan wannan ƙwaro, Suratun Nahli, sura ta 16. Wanda ya yi imani arziki daga Allah yake, shi ya fi cancanta ya kiyaye sababin da aka biyo da arzikin ta kansa.

Yanzu ga masu bincike, don su ma da nasu kason. Lokacin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranci babban shirin nazarin masu barbara daga 2009, ƙasashe bakwai aka ɗauka, uku daga Afirka: Gana, Kenya da Afirka ta Kudu. Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka idan za a san halin da zumar kudancin Sakkwato take ciki, daga gida aikin zai taso. Muna da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da tsangayarta ta aikin gona, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga Kwalejin Umaru Ali Shinkafi. Amma irin binciken da muka saba gani a karkara, wanda mota za ta tsaya a ƙofar mai gari, a cika takardun tambayoyi, a ɗauki hoto, a tafi, sakamakon ya fito da Turanci a mujallar da manomi ba zai taɓa gani ba, wannan ba haɗin gwiwa ba ne, ɗiban ilimi ne kyauta. Haɗin gwiwa na gaskiya yana da sharuɗɗa: a tambayi mai amya abin da shi yake son a bincika, a ambaci gudummawarsa, a dawo masa da sakamakon da harshensa, a dandalin garinsu ko ta gidan Rediyon Rima. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai tsaya tsakanin malamin jami'a da mai ɗakin, ya kai magana ya dawo da magana ba tare da ta zube a hanya ba, shi ne marubuci.

Don kada a ce na yi surutu na tashi, ga abu huɗu da nake kira gare su, babu wanda ke buƙatar tallafi daga waje.

Na farko, kowa ya sayi littafi mai shafi 40. Ya zaɓi bishiya ɗaya ko kunya ɗaya ta kabewa, kankana ko riɗi. Duk mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ya tsaya minti 10 ya ƙirga ƙwarin da suka sauka a fure. Ya rubuta rana, yanayin gari, da ko an yi feshi a kusa. Ranar da bai ga komai ba ya rubuta bai ga komai ba, don sifili ma bayani ne. Kada ya ƙara, kada ya rage. A nan ba a son gishirin da muke sa wa labari.

Na biyu, kowa ya nemi mai amya ɗaya ko mai tsintar kaɗe ɗaya, ya nemi izininsu, ya naɗi hirarsu a waya, ya rubuta ta da kalmominsu, da Sakkwatancinsu yadda suka faɗa. Amya nawa ya rataya bana, nawa zuma ta shiga, kwalba nawa ya samu. Baɗi a koma a sake tambaya.

Na uku, mu tattara sunaye. Kowane ƙwaro mai bin fure, kowace huda, da sunan da ake kiransu a Kebbe, a Zazzau, a Maraɗi, a Damagaram. Zauren nan yana da mutane daga duk waɗannan wurare. Mu kuma daidaita kan kalmomin da za mu riƙa amfani da su, mu fara da kiran guba guba.

Na huɗu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 20 ga Mayu a matsayin ranar zuma ta duniya, an fara bikinta a 2018. Ƙungiyoyinmu suna shirya gasar gajerun labarai kan jigogi iri-iri. A ware gasa ɗaya kan wannan, a sanar da sakamakon a ranar, a kuma gayyato malamin jami'a ɗaya da mai amya ɗaya su zauna kujera ɗaya cikin alƙalai.

Littafi ɗaya ba komai ba ne. Littattafai 50 na shekara biyar daga garuruwa 20 kuwa, babu jami'ar da za ta raina su, kuma mu ne za mu shiga ɗakin taro da abin hannunmu, ba 'yan rakiya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kuma jinka ba ta ɗaukuwa idan ɗaya hannun yana aljihu.

Wanda yake ganin wannan ba aikin marubuci ba ne, ina jiran hujjarsa, zan karanta da zuciya ɗaya. Wanda kuma ya yarda, kada ya tsaya a "Allah ya ƙara basira". Ya faɗi garinsu da bishiyar da ya zaɓa, mu san junanmu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa alƙalumanmu su amfani mutanenmu. Wassalamu alaikum.